Yadda ake sauya kunamar Remington 700 da daidaita nauyinta

Masu karatu da ke harbin saiti da farauta a Amurka da Kanada sun yi ta tambaya a kan abu guda: bindiga mai sakata tana harbi daidai, amma kunamarta ta yi tauri ko tana jan ƙafa kafin ta saki, shin mutum zai iya sauya ta da kansa? Zai iya. Za mu yi bayani a kan Remington 700 ta hannun dama, domin ita ce aka fi yi wa kunamar canji, kuma bindigogi da yawa na wasu kamfanoni a kan ƙirarta aka yi su. Cire tsohuwa da saka sabuwa bai fi minti talatin ba. Inda aikin yake shi ne gwajin da ke biyo baya, kuma a nan ne mutane ke yin gaggawa.

Wannan bayani na wanda ya mallaki bindigarsa bisa doka ne. A Amurka ana sayen kunama kamar sauran kayan gyara, domin gangar jikin da ke ɗauke da lamba ita doka ke ɗauka a matsayin bindiga. A Najeriya kuwa dokar bindigogi ta 1959 ta hana mallaka da gyara sai da izinin hukuma.

1. Zaɓen kunama

Ka fara sanin abin da za ka yi da bindigar. Ana auna nauyin kunama da laba, laba ɗaya giram 454 ce, oza 16 ke nan. Ta farauta ta fi dacewa tsakanin laba 2.5 da 3.5. Ƙasa da haka, ranar da sanyin Nuwamba ya kangarar da yatsa ko kana sanye da safar hannu, harsashi zai fita kafin ka ji ka taɓa ƙarfen. Masu harbi daga kan tebur a gasa suna sauka har oza 2, amma tasu bindigar ba ta yawo a daji.

Timney, kamfanin Arizona da ya fara aiki a 1946, ya fitar da samfurin 510 wanda ake daidaitawa daga laba 1.5 zuwa 4. TriggerTech na Kanada yana da Primary mai irin wannan iyaka, da Special daga laba 1 zuwa 3.5, da Diamond daga oza 4 zuwa 32. Ga mafarauci, 510 ko Primary sun wadatar. Diamond ta fi su tsada sosai, kuma ba ta da amfani ga wanda ba gasa yake shiga ba.

Kafin ka biya kuɗi ka duba abu uku: ta hannun dama ce ko ta hagu, tana da sefti (makullin da ke hana ta harbi) a jikinta, kuma tana da maballin sakin sakata. Asalin Remington 700 maballin nan yana gaban kunama ne a cikin zobenta, saboda haka dole sabuwar ta zo da shi. Waɗanda ba su da shi an yi su ne domin bindigogin da nasu maballin yake a gefen gangar jiki.

Gargaɗi: kada ka sayi kunamar da iyakarta ta ƙasa ta fi nauyin da kake so, da niyyar ka sassauta ta fiye da abin da kamfani ya rubuta. Sifirin ɗin da ke ba kunama nauyi shi ne kuma yake mayar da ita mazauninta bayan ka sake ta. Idan ka kashe masa ƙarfi, ba za ta koma ta tokare maƙali, wato ƙarfen da ke riƙe allurar harbi a ɗane, da kyau ba.

2. Kayan aiki

Alanki mai inci 5/32 na sukurorin ƙota, sai dai idan tsohuwar ƙira ce mai kan tsaga, to sukundireban da ya cika tsagar daidai. Tsinken ƙarfe na bugun fil mai inci 1/8 ko ƙasa kaɗan. Ƙaramar guduma mai kan tagulla ko roba. Guntun katako mai rami da za a ɗora gangar jiki a kai domin fil ya sami wurin fita. Ma'aunin nauyin kunama: na sifirin wajen dala 25, na lantarki ya ninka. Sifana mai auna ƙarfin ɗauri da inci-laba, ita ma wajen dala 60. Harsashin bogi na gwaji, wanda ba shi da albarushi. Ƙaramin magagari, samfefa, jan farce, da tabarau na kare ido.

Mutane sukan so su tsallake ma'auni da sifanar nan don rage kuɗi. Yatsa ba ya auna nauyi. Kunama mai tsabtar saki a laba 3.5 takan ji kamar laba 2 a hannu. Idan ba za ka saya ba, ka ara.

Ka shimfiɗa farin tawul a kan tebur. Ƙananan sifirin suna tsalle, kuma a kan fari ne kaɗai ake ganinsu.

3. Tabbatar babu harsashi

Juya bakin bindiga inda babu kowa. Buɗe sakata, zubar da abin da ke gidan harsashi, ka duba makwancin harsashi da ido, sannan ka zura ɗan yatsa ka taɓa. Danna maballin da ke gaban kunama ka zare sakatar gaba ɗaya. Kwashe duk harsasan gaske ka kai wani ɗaki. Nan gaba za ka ja kunamar nan sau hamsin ko fiye, bai kamata a ce akwai harsashi mai rai a kusa da hannunka ba.

Gargaɗi: waɗanda aka ƙera kafin 1982 seftinsu yana kulle sakata, sai an cire shi take buɗuwa. A irin waɗannan ka riƙe bakin a wuri mai aminci, yatsa nesa da kunama, kafin ka tura seftin gaba.

Kafin ka kwance komai, mayar da sakata ka auna tsohuwar kunama sau biyar ka rubuta. Za ka so ka san daga inda ka taso. Sai ka sake zare sakatar.

4. Raba ƙarfe da ƙota

Kifa bindigar. Samfurin BDL mai ƙofar gidan harsashi a ƙasa sukuru biyu gare shi, na gaba gajere, na baya dogo. Na samfurin ADL uku ne, na tsakiya zoben kunama kawai yake riƙewa. Kwance su ka jera yadda suka fito. Ɗaga ƙotar sama a hankali. Akwatin gidan harsashi da sifirinsa za su iya biyo ƙota ko su tsaya a jikin ƙarfe, ka lura da yadda suke zaune.

Yanzu ɗauki hoto da waya, na gefen hagu musamman, inda birkin sakata, wato ƙarfen da ke hana sakata zarewa gaba ɗaya, yake da ɗan sifirinsa. Wannan hoton zai cece ka idan abu ya watse.

5. Fitar da tsohuwar kunama

Fil biyu ne ke riƙe da ita a gangar jiki, na gaba da na baya. Tun da bindigar a kife take, hagu da dama za su rikita ka, don haka ka riƙa tunanin gefen sefti da gefen birkin sakata.

Fil na baya aiki biyu yake yi: yana riƙe kunama, kuma a kansa birkin sakata da sifirinsa suke juyawa. Buga shi daga gefen sefti zuwa gefen birki, kaɗan kaɗan, ka tsaya da zarar ya bar gidan kunama. Kada ka fitar da shi duka. Idan ya tsaya a nan, birki da sifirinsa suna nan daram, ka huta da mayar da su. Fil na gaba kuma daga gefen birki ake bugo shi zuwa gefen sefti, za ka ɗan kawar da birkin kafin ka ga kansa.

Ka rufe saman kunamar da tafin hannu yayin da kake zare tsinken bugu. A kunamar kamfani, maƙalin da ke riƙe allurar harbi da ɗan sifirin da ke ƙarƙashinsa fil ɗin nan ne kawai ke tsare da su, da sun sami sarari za su fito. Tattara su a leda tare da tsohuwar kunamar.

Gargaɗi: idan fil ya ƙi motsi, kada ka ƙara ƙarfin guduma. Duba ko gangar jikin tana kwance sosai a kan katako kuma ramin yana ƙarƙashin fil ɗin. Ɗiga man kwance tsatsa ka jira minti goma. Tsinken da ya goce yakan bar tabo a jikin ƙarfe wanda ba ya gogewa.

Goge mazaunin kunama da tsumma marar gashi. A tsohuwar bindiga za ka tarar da busasshen mai ya daskare kamar ƙaro a wurin. Kankare shi duka.

6. Saka sabuwa

Tura seftin sabuwar kunamar gaba, wato matsayin harbi, ka zura hannunsa ta tsagarsa, ka zaunar da gidan kunama har ramukan su yi daidai. Zura tsinken bugu a ramin baya ya riƙe ta, sannan ka buga fil na gaba. Wasu kunamun suna zuwa da gajerun fil na wucin gadi a ramukansu. Kada ka cire su da hannu, fil na gaske ne zai turo su waje yayin shigarsa. Daga nan ka mayar da fil na baya, kana kallon ƙafar sifirin birki kada ta goce daga inda take.

Fil ya kamata ya shiga da ɗan bugu mai sauƙi. Idan sai ka yi da gaske, ramukan ba su daidaita ba, kuma kana iya lanƙwasa bangon gidan kunama ya matse abin da ke ciki.

Ga kuskuren da ya fi yawa a wannan mataki: fil na gaba ya wuce ya leƙa cikin tsagar da birkin sakata ke motsi. Idan haka ta faru birkin zai maƙale, ko dai sakata ta ƙi fita, ko ta zare gaba ɗaya ta faɗo a hannunka duk lokacin da ka ja ta baya. Danna birkin da yatsa, ya kamata ya shiga ya dawo da kansa. Idan bai dawo ba, mayar da fil ɗin baya kaɗan har ya bar tsagar.

Sannan danna maballin sakin sakata ka ga ko harshensa yana tura birkin. Wani lokaci harshen yakan sauka gefe, sai an ɗan lanƙwasa shi da filaya kaɗan. Kaɗan fa.

7. Gwajin farko, kafin ƙota

Mayar da sakata, rufe ta. Dubi ƙeyarta: idan bindiga a ɗane take, kan ƙarfen da ke ja da allura yana zuwa daidai bakin ƙeyar, idan ta saki sai ya shige ciki. Da wannan za ka riƙa gane ko ta saki ko ba ta saki ba, ko da ba ka ji ƙara ba.

Saka harsashin bogi, ja kunama, ta saki. Ɗana, sa sefti, ja, kada ta saki. Auna sau biyar. Ka sa ƙugiyar ma'auni a tsakiyar lanƙwasar kunama inda yatsa ke zama, ka ja a miƙe daidai da layin bututu, a hankali ba fizga ba. Idan ka sa ƙugiyar can ƙasa kusa da tsini, lambar za ta fito ƙasa da gaskiya. Tsakanin awo biyar ɗin bambanci kada ya wuce oza 2 ko 3. Idan lambobin suna tsalle, wani abu yana gogar wani.

8. Daidaitawa

Abu uku ake iya taɓawa a kunama irin ta Timney: nauyi, tafiyar bayan saki, da zurfin kamun maƙali. Takardar da ta zo a cikin kwali ta nuna wane sukuru ne na wane; ka buɗe ta a gabanka, domin wurinsu ya bambanta daga samfuri zuwa samfuri.

Nauyi. Sassauta notin kulle, juya sukurun. Shigar da shi ciki yana ƙara nauyi, fito da shi yana ragewa. Kwatan zagaye a lokaci guda, sannan ka ɗana ka auna sau uku. Idan ka kai inda kake so, riƙe sukurun da alanki kada ya motsa yayin da kake ɗaure notin, ka sake aunawa, saboda ɗaure noti kan ja sukurun ya canza lambar. A TriggerTech abin ya fi sauƙi: sukuru ɗaya ne da ake kaiwa gare shi ta ƙasa ba tare da cire ƙota ba, yana yin ƙas ƙas a kowane mataki, sai ka ƙirga.

Tafiyar bayan saki. Ita ce 'yar tazarar da kunama ke ci gaba da yi bayan allura ta tafi. Idan ba ta dame ka ba, bar ta. Idan za ka rage, ɗana bindiga babu harsashi, shigar da sukurun har kunama ta ƙi saki, sannan kana riƙe da kunamar a ja, ka riƙa fito da shi sannu har ta saki, ka ƙara kwatan zagaye a kai. Wannan ƙarin ba ado ba ne. Idan ka bar shi daidai bakin saki, ɗan ƙura ko sanyi ya isa ya sa bindiga ta ƙi tashi, ko maƙali ya riƙa gogar kan kunama yana ci.

Zurfin kamu. Kada ka taɓa. Kamfani ya saita shi, galibi har da ɗigon fenti ko gam a kai don a gane idan an murɗa. Faɗin wurin da ƙarafan biyu suka kama juna bai fi kaurin 'yan takardu ba, kuma shi kaɗai ne ke tsakanin sifirin allura da harsashi. Wanda ya rage shi don ya kashe jan ƙafar kunama, ya sami saki mai daɗi a tebur da bindigar da za ta tashi idan an rufe sakata da ƙarfi. Idan sabuwar kunama tana jan ƙafa tun daga kwali, mayar wa mai ita.

Bayan ka gama, ɗiga jan farce kaɗan a kan noti da sukuru daga waje. Yana hana su warwarewa, kuma idan sun motsa za ka ga ya tsage.

Gargaɗi: kada ka zuba gam mai ruwa na ɗaure sukuru a nan. Yana bin zaren sukuru ya shige ciki ya bushe a kan sassan da ke motsi. A watan Afrilu na 2014 Remington da kansa ya janye bindigogi masu kunamar X-Mark Pro da aka ƙera daga Mayun 2006, saboda gam da ya yi yawa a wajen haɗawa yana iya sa bindiga ta tashi ba a ja kunama ba.

9. Mayar da ƙota

Zaunar da akwatin gidan harsashi a mazauninsa, ka sauke ƙarfen cikin ƙota. Ya kamata ya zauna ba tare da dannawa ba. Gidan sabuwar kunama yakan fi na asali faɗi, hannun sefti ma haka. Idan ka ji tokare, shafa jan baki ko alli a gefen gidan kunama da hannun seftin, mayar, ka sake ɗagawa. Inda launin ya taɓa ƙota nan za ka rage da magagari. Ƙotar ake ragewa, ba kunama ba. Idan ta katako ce, shafa ɗan mai na katako a inda ka kankare domin kada danshi ya shiga. Duba kuma tsagar zoben kunama, kada gefen kunamar ya taɓa ta ko'ina a tafiyarsa.

Ɗaura sukurorin da hannu tukuna. Tsayar da bindiga a kan gindinta ka ɗan buga a ƙasa domin ƙarfen ya zauna baya sosai, sannan ka ɗaure na gaba, ka bi da na baya, mataki mataki. Ƙotar katako ko ta roba marar ginshiƙan ƙarfe a ciki, inci-laba 30 zuwa 35. Mai gadon alminiyam a ciki tana ɗaukar 45 zuwa 65, gwargwadon abin da maƙerinta ya rubuta. Sukurun tsakiya na ADL a ɗan ɗame shi kawai.

Gargaɗi: inci-laba aka ce. Sifanar kanikawan mota da ƙafa-laba take aunawa, ninki goma sha biyu ke nan, za ta murƙushe ƙota ko ta tsinke sukuru. Kuma idan ka sa dogon sukuru a gaba, zai leƙa ciki ya hana sakata rufuwa.

Zura yatsa ta sama ka taɓa akwatin gidan harsashi. A BDL ya kamata ya ɗan yi motsi. Idan ya ƙame, an matse shi tsakanin ƙarafa, kwance ka gyara zamansa.

10. Gwajin aminci

Duk gwajin nan da harsashin bogi ko makwanci fanko ake yi, a cikin ƙota, bayan an ɗaure sukurori. Abin da ya wuce gwaji a waje yana iya faɗuwa a ciki, saboda ƙota na iya danne sefti ko kunama. Bayan kowane gwaji dubi ƙeyar sakata.

Na farko, sefti a buɗe, wato a matsayin harbi, rufe sakata da ƙarfi da sauri, fiye da yadda za ka yi a daji, sau ashirin. Ko sau ɗaya allura ta bi sakata ta faɗi, an faɗi gwaji.

Na biyu, ɗana, sefti a buɗe, buga gindin bindiga a kan kafet ko tabarmar roba daga tsayin kamar taƙi ɗaya, sau goma. Sannan bubbuga gefen ƙota da tafin hannu ko gudumar roba, dama da hagu.

Na uku, ɗana, sa sefti, ja kunama da ƙarfi, ɗauke yatsa gaba ɗaya, sannan ka cire sefti. Kada ta saki. Sau goma. Maimaita da seftin a tsaka-tsaki, ba gaba ba ba baya ba: ja kunama, saki, tura seftin gaba. Wannan shi ne gwajin da ke tona kunamar da ba ta komawa mazauninta.

Na huɗu, ɗana, ja kunama rabin nauyinta ka saki. Ya kamata ka ji ta koma gaba da kanta. Sake aunawa, idan nauyin ya ragu sosai, ba ta koma daidai ba.

Na biyar, seftin ya shiga ya fita da ƙas mai ƙarfi a kowane gefe. Idan ya yi laushi ko bai kai ƙarshe ba, yana gogar ƙota, koma mataki na 9.

Idan ta faɗi ɗaya daga ciki, ƙara nauyi da rabin laba ka sake dukkan gwajin daga farko. Idan ta sake faɗuwa, cire sakata ka kai wa maƙerin bindiga mai lasisi, kada harsashin gaske ya shige ta kafin nan.

11. Filin harbi da kulawa

Tun da an raba ƙarfe da ƙota, saiti zai iya gocewa kaɗan. Harsashi ɗaya ɗaya za ka riƙa sakawa a goman farko, baki yana kallon allon saiti duk lokacin da za ka rufe sakata ko cire sefti. Bayan harbi ashirin sake auna nauyi da ɗaurin sukurori, ka dubi jan farcen ko ya tsage.

Kada ka zuba wa kunama mai ko giris. Mai yana tara ƙura, ya daskare, ya hana ƙarfe komawa wurinsa. Lokacin wanke bututu, ruwan wanki kan gangaro ta baya ya ɗiga kai tsaye cikin kunama, don haka ka yi amfani da bututun jagora na sandar wanki, bakin bindiga ya ɗan sunkuya ƙasa. Sau ɗaya a shekara, ko bayan tafiya mai ƙura, zare sakata ka tsiyaya man laita ta saman kunamar ya wanke dattin ya fita ta ƙasa, ka bar shi ya bushe, sannan ka maimaita gwaje-gwajen mataki na 10 kafin ka sake loda ta.